Ɗakin da Aka Yi wa Gwaggo

Ranar da Dakta ya zo da takardar zanen, Gwaggo tana kan keken ɗinkinta a bakin tagar da ke kallon lungu, tana rage wa wata mata tsawon siket. Ya yi sallama ya shigo, ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ya saba, sannan ya shimfiɗa takardar a kan gadonta ya danne gefunan da almakashi da kwalin zare. Dakta ɗan yayanta ne, shi ne babba cikin 'ya'yan marigayi, kuma tun da ubansa ya rasu maganar gidan ta koma bakinsa. Ya ce mata gidan ya tsufa, yara sun girma, shi kuma ya gaji da zaman haya a bayan gari alhali ga gidan kakansa a tsakiyar tsohuwar unguwa. Za a gyara, a ɗora bene, kowa ya samu wurin miƙe ƙafa.

Gwaggo ta yi murna har cikin ranta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita kuwa damina nawa ta yi tana jera robobi a tsakar ɗaki. Ta sa masa albarka, ta gyara zaman gilashinta ta duƙa kan takardar. Ba ta yi karatu mai nisa ba, amma wanda ya shekara arba'in yana yanka yadi a kan awo ba ya ɓata a cikin layuka. Ta gano ƙofar gida, ta gano tsakar gida, ta bi da yatsa har kusurwar da ɗakinta yake. A nan sai ta ga wasu gajerun layuka a jere kamar haƙoran mataji.

"Waɗannan fa, Babana?" Haka take kiransa, don sunan mahaifinta aka sa masa.

"Alamomin mai zane ne, Gwaggo. Ɗakinki yana nan. Wata uku kawai za ki ɗan matsa mana."

Daga nan ya fito da wasu takardun daga jaka. Ya ce hukumar da ke kula da tsofaffin gine-gine ba ta ba da izinin taɓa ko bulo ɗaya a unguwar sai duk mai haƙƙi a gida ya sa hannu, ita kuma gidan ubanta ne, haƙƙinta yana ciki. Rubutun ƙanana ne, shafukan da yawa, shi kuma yana ta duban agogo saboda marasa lafiya na jiransa. Ta sa hannu a wurare uku, duk inda yatsarsa ta nuna.

Ranar Litinin leburori suka kwashe kayanta zuwa sito, wani ɗan ƙuƙumin ɗaki da ke jikin kicin, inda ake ajiye tsofaffin tukwane. Ba shi da taga, sai wasu huda uku can sama kusa da rufi. Gado ya shiga da ƙyar, akwatuna biyu suka hau kan juna, keken ɗinki kuwa ya ƙi shiga. Aka ajiye shi a tsakar gida aka lulluɓe da tamfol, aka ɗora masa bulo don kada iska ta yaye. Gwaggo ta ce ba komai, wata uku ai kamar yau ne.

Lungunan unguwar ba sa ɗaukar babbar mota. A bakin titi ake juye yashi da tsakuwa, sai a yi ta jigilarsu da baro, har tsibin yashi ya toshe rabin ƙofar gidan. Da farko masu kawo ɗinki suna tattare zani su tsallaka, su same ta ta yaye tamfol tana taka keke a cikin ƙarar guduma. Sai wata ta karɓi rigarta ta ga farin ƙurar siminti ta shiga zaren, wata kuma ƙusa ta huda mata takalmi. Ba wadda ta yi mata faɗa. Sun dai daina zuwa ɗaya bayan ɗaya, in sun haɗu da ita a lungu su ce sai an gama aikin.

A mako na uku aka fasa ɗakinta. Ta tsaya daga bakin sito tana kallo, ta ɗauka rufin za a canza, sai ta ga guduma ta sauka kan bangon ciki, sannan aka fara haƙa rami a daidai inda gadonta yake tsayawa. Ta kira birkilan da ke shugabantar aikin, wani dattijo mai furfura a gemu wanda ba ya wuce ta bai gaishe ta ba, ta tambaye shi me za a sa a ramin. Ya hau goge hannu a jikin wando. Da ta sake tambaya sai ya ce ginshiƙin matakala ne, nan za ta tashi ta hau sama, haka yake a zane tun farko. Ya ɗauka an gaya mata.

Ta jira Asabar, ranar da Dakta yake zuwa duba aiki. Bai musa ba, bai kuma ji kunya ba. Ya zauna a kan buhun siminti ya yi mata bayani a tsanake, irin yadda yake yi wa marasa lafiya. Hukuma ta hana a taɓa fuskar gidan, ta hana a ƙara ko taku ɗaya zuwa lungu, ta kuma ce benen da za a ɗora sai an ja shi baya yadda mai wucewa ba zai hango shi ba. To ina matakala za ta zauna in ba nan ba? Mai zane ya juya ya juya bai samu wani wuri ba. Shi ya ƙi gaya mata ne don kada ta sa abin a ranta. Amma ɗakin da za a yi mata a sama, in ji shi, ya fi na kowa, har da banɗaki a ciki.

Ta ce masa gwiwoyinta fa, ita da ko dakalin ƙofa sai ta dafa bango.

Ya yi dariya ya ce, "Ni ne likitan, Gwaggo. Hawa matakala ai magani ne ga gwiwa."

Ta koma sito ta zauna a bakin gado. Ba ta yi kuka ba. Da yamma ta tsallaka lungu zuwa gidan da ke kallon nasu, wurin ƙawarta Ungozoma, wadda ta yi ritaya daga asibiti tun kafin Dakta ya gama makaranta, ta zayyana mata komai. Ungozoma ta ce wannan shi ne gyaran gangar auzinawa, ta kuma ce da ita ce da tuni ta tara masa mutanen unguwa. Gwaggo ta ce yaron a bayanta ya girma, ba za ta tona masa asiri a bakin maƙwabta ba. Ungozoma ta ce to ta ci gaba da rufawa, wata rana shi zai rufe ta. Suka yi dariya, Ungozoma ta zuba mata shayi.

Matar Dakta tana zuwa duk bayan kwana biyu da samfurin tayil da na fenti a cikin jaka. Mace ce mai fara'a, ba ta taɓa ɗaga wa Gwaggo murya ba. Wata rana ta ce tunda ɗinkin ya tsaya, ko Gwaggo za ta riƙa sa ido a kan siminti, don ma'aikatan yanzu sai a hankali. Bayan mako guda ta ƙara da cewa in ba damuwa ta riƙa dafa musu ruwan shayi da safe, don kada su riƙa ficewa bakin titi suna ɓata lokaci. Haka Gwaggo ta zama mai gadi kuma mai shayi a gidan ubanta. Leburorin suna kiranta Mama, suna miƙo mata kofuna da hannuwa masu kaushi, ita kuma tana tari tana zubawa.

Duk bayan mako biyu jami'in hukuma yana zuwa, wani siririn mutum mai jakar rataye. Ba ya shiga ciki sosai. A ƙofar gida yake tsayawa, ya shafa tsohon ƙyauren katako da tafin hannu, ya duba bangon gaba da ƙarafunan tagogi, ya ɗauki hotuna. Ranar da ya ga siminti ya fantsama a jikin ƙyauren sai da ya tsayar da aiki na yini biyu, ya sa aka naɗe ƙyauren da bargo aka ɗaure da igiya. A ranar ne ya ga Gwaggo zaune a bakin sito, ya tambaye ta ko ta san shekarun ƙofar. Ta gaya masa kafintan da ya sassaƙa ta, da shekarar da ubanta ya sa aka canza madogarar ƙasa, da dalilin tabon da ke gefen hagu. Ya rubuta duka a littafinsa yana jinjina kai, ya yi mata godiya sosai, ya ce irinsu su ne tarihin unguwar. Ƙofar siton tana buɗe a bayanta, gadon da akwatunan duk a fili, amma idonsa bai kai can ba.

Wata uku ya zama biyar, biyar ya zama bakwai. Damina ta sauka. Iska ta yaye tamfol wata rana da tsakar rana Gwaggo tana gidan Ungozoma, ruwa ya yi wa keken ɗinki wanka. Ta goge shi, ta ɗiga masa mai, amma bayan kwana goma ta taka sai ya yi ƙara ya cije. Da ta gaya wa Dakta sai ya ce dama ai lokaci ya yi da za ta huta, shi bai ga abin da take nema da ɗinki ba yana raye. Ya sa leburori suka jingine keken a bayan tarin katako.

Sannan aka rushe tsohon banɗaki don a shimfiɗa sababbin bututu. Aka haƙa dogon rami daga kicin har ƙofar gida, aka gitta katako biyu a kai don wucewa. Dakta ya ce kwana huɗu ne a rufe. Mai haɗa bututun ya yi tafiya, ramin ya kwana ashirin a buɗe. Leburori suna zagayawa bayan gini su yi uzurinsu, Gwaggo kuwa sai ta tsallaka katakon nan ta tafi gidan Ungozoma, sau huɗu sau biyar a yini. Ta rage shan ruwa don ta rage tafiyar. Birkila ya gaya wa Dakta a gabanta cewa katakon nan ba na tsohuwa ba ne, a mayar da ita wani gida kafin a gama. Dakta ya ce ya yi mata tayin gidan ƙanwarsa Auta, ita ta ƙi. Gaskiya ne ta ƙi, amma tun a watan farko ya yi tayin, sau ɗaya, yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ta ɗora ƙafa a kan katakon, gefen ramin da ya jiƙe ya zabtare, katakon ya juya. Ba ta tuna faɗuwar ba. Ta dai tsinci kanta a cikin taɓo, ƙafarta ta dama a karkace, wani zafi yana tasowa daga ƙugu har cikin haƙoranta. Birkila da mutum biyu suka ciro ta, suka ɗora ta a kan wani tsohon ƙyaure suka fita da ita har bakin titi inda mota take iya tsayawa. Ungozoma tana biye da su da mayafi a hannu tana faɗa musu yadda za su riƙe ƙafar.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. A asibitin da Dakta yake aiki aka kwantar da ita, kuma ba wanda zai ce bai yi ƙoƙari ba. Ya samo mata ɗaki ita kaɗai, ya kawo babban likitan ƙashi, yana leƙowa safe da yamma. Duk abokin aikinsa da ya shigo gaishe ta sai ya ce masa, "Ka ga tsofaffin nan, na yi na yi ta bar wurin har a gama, ta ƙi." Su kuma su juyo su yi mata faɗan wasa, su ce Mama a riƙa jin maganar likita. Gwaggo ta ce to.

Ta yi mako shida a asibiti, aka wuce da ita gidan Auta. Auta tana sonta, amma ɗaki biyu ne gidan, da yara huɗu, mijin kuma ya fara tambaya a fakaice ko aikin can ya kusa. Gwaggo ta koyi tafiya da wani abin dogarawa mai ƙafa huɗu, taku goma ta huta. Kullum tana lissafin komawa. A ranta ta riga ta yanke cewa tunda abin ya zama haka, Dakta da kansa zai ga ba ta iya hawa, zai ba ta wani ɗaki a ƙasa ko da ƙarami ne.

Ranar da aka mayar da ita, daga waje gidan yana nan yadda ta san shi, bango da ƙyaure da tagogi, sai dai an wanke an gyara. Da aka buɗe ƙofa sai ta rasa inda take. An rufe tsakar gida an mayar da ita falo, ƙasa tana ƙyalli, fitilu suna reto daga sama. A inda ɗakinta yake matakala ce ta tashi ta lanƙwasa, da madafa ta ƙarfe mai sheƙi. Tagarta tana nan a ƙarƙashin matakalar, an ajiye tukunyar fure a gabanta.

Ta hango wata ƙofa kusa da kicin, inda siton yake da, an faɗaɗa shi an fasa masa taga ta baya. Ta ce a sa mata gadonta a can. Matar Dakta ta ce ai ɗakin karatun Dakta ne, an riga an kafa kantocin littattafai. Ta nuna wani ɗakin a ƙasa, aka ce na baƙi ne, ba zai yiwu a hau da baƙo sama cikin iyali ba. Gwaggo ta dubi Dakta ta ce, a hankali yadda masu kawo kayan ɗaki da ke wurin ba za su ji ba, ita fa ba alfarma take roƙo ba, tana da kaso a gidan nan.

Ya sunkuyo kusa da kunnenta. "Gwaggo, kin manta takardun da kika sa wa hannu? Hukuma suna son suna ɗaya a kan gida, shi ya sa kika bar mini naki. Amma ai duk ɗaya ne. Gidana gidanki ne."

Kafin ta samu abin faɗa an kawo kujerar roba, an zaunar da ita, masu fenti biyu da masu kawo kaya biyu suka ɗaga ta. Suna hawa suna nishi, ɗaya yana cewa a karkata hagu, yaran gidan suna biye suna dariya. Ta riƙe hannun kujerar da ƙarfi ta rufe ido har aka dire ta.

Ɗakin yana da kyau, wannan ba ƙarya. Sabon gado, labule mai nauyi, banɗaki da ƙarfen dafawa a bango. Ta ja abin dogarawarta zuwa taga ta yaye labulen. Tankunan ruwa biyu ta gani, da bayan katangar maƙwabta, da ɗan yankin sama. An ja benen baya kamar yadda doka ta ce. Daga lungu ba a ganin ɗakin, daga ɗakin ba a ganin lungu.

Kwanakin farko ana hawowa. Yara su shigo su yi tsalle a kan gado, matar Dakta ta kawo abinci da kanta ta zauna minti biyar, Dakta ya leƙo kafin ya fita ya tambayi ƙafa. Sannan makaranta ta buɗe, aiki ya yi yawa. Abinci ya koma zuwa sau biyu, a ajiye a kan tebur a ce ana sauri. Wani lokaci kwanon safe yana nan har na yamma ya same shi. In ta ji motsi a ƙasa sai ta kasa kunne ta yi ta rarrabe muryoyi, wannan mai gyaran famfo ne, wannan ƙanwar matar gida ce. Ta ji baƙi suna tambayarta, ta ji ana ce musu tana hutawa.

Ungozoma ta zo a mako na biyu. Gwaggo ta ji muryarta tun daga ƙofa tana tsokanar yara, ta ji ta fara hawowa tana ƙirga matakan da baki. A na bakwai ta tsaya. Zuciyarta ba ta da ƙarfi tun bara, numfashinta har sama ana jinsa. Ta zauna a nan kan matakala, Gwaggo ta jawo jiki zuwa ƙofar ɗaki, suka yi hira ba sa ganin juna saboda lanƙwasar, kowacce tana ɗaga murya. Ungozoma ta ce mata an ɗaga ta sama tun ba ta mutu ba. Gwaggo ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Sau uku suka yi haka. A na huɗu matar Dakta ta fito ta ce, cikin ladabi, Dakta ya kwana wurin aiki yana barci, kuma muryar tana amsawa a falo. Ta ce ai ga waya. Ungozoma ba ta ji sosai a waya, sai ta yi ta cewa na'am, na'am, har kiran ya yanke.

Bayan wata biyu hukuma ta zaɓi gidan a cikin waɗanda aka gyara ba tare da an ɓata kamanninsu ba, aka sa ranar da za a kafa ɗan allon tagulla a jikin bango. Matar Dakta ta ce za a sauko da Gwaggo ta zauna a gaba, tunda bayaninta ne ma aka rubuta a kan ƙofar. Tun da hantsi ta yi wanka, ta sa rigar da ta ɗinka wa kanta ba ta taɓa sawa ba, ta zauna a bakin gado da mayafi a cinya. Ta ji kujeru, ta ji lasifika, ta ji muryar siririn jami'in yana ba da labarin kafinta da tabon gefen hagu, kalma a kalma yadda ta faɗa masa. Ta ji tafi. Da la'asar Dakta ya hawo da lemo a hannu yana zufa, ya ce wallahi hidima ce ta sha kansa, kuma duk mazan da ke wurin manyan baƙi ne da manyan kaya, ba wanda zai ce wa ya ɗauki kujera.

Daga nan sai wayar Ungozoma ta daina shiga. Gwaggo ta tambayi matar Dakta, ta ce ta ji kamar ta tafi wurin ɗanta. Ta tambayi Dakta, ya ce zai bincika. Ranar da Auta ta zo tana gyara mata kai, cikin hira ta ce rabonta da unguwar tun ranar da aka kai Ungozoma. Sai hannunta ya tsaya a cikin gashin.

Kwana tara ke nan da rasuwar Ungozoma. An fito da ita ta ƙofar da ke kallon tasu, mutanen lungu duk sun taru, Gwaggo tana sama tana kallon tankuna. Ta tuna ranar, ta ji hayaniya sama-sama ta ɗauka masu tallan kaya ne. Auta tana kuka ta ce Yaya ne ya hana a faɗa, wai jininta zai hau.

Da Dakta ya shigo da yamma ba ta yi masa ƙorafi ba. Abu ɗaya ta roƙa, a sauke ta ta tsallaka lungu ta yi wa 'ya'yan Ungozoma gaisuwa, ko minti goma ne. Ya ce wannan dole ne, ranar Asabar zai samo mutane. Asabar ta zo ya tafi taro. Wadda ta biyo baya aka ce 'ya'yan sun watse, an kulle gidan, gaisuwar ma ya isar mata.

Washegari da hantsi, gidan ba kowa sai matar Dakta a kicin, Gwaggo ta sa mayafinta ta ja abin dogarawa ta fito. Ta kai bakin matakala ta tsaya. Tayil ɗin yana sheƙi, matakan sun gangara sun ɓace a lanƙwasa. Ta ajiye abin dogarawar, ta kama ƙarfen da hannu biyu, ta zauna a matakin farko da niyyar ta sauka da zaune, ɗaya bayan ɗaya. Ta sauka biyu. A na uku ƙugun ya riƙe, ta kasa gaba ta kasa baya. A nan matar Dakta ta same ta bayan kusan awa guda, ta jiƙe da zufa, mayafin ya zame ya faɗa ƙasa. Sai da aka kira mai kanti da wani mai wucewa suka mayar da ita kan gado.

Dakta ya yi fushi a ranar, irin fushin mai tsoro. Ya ce da ta faɗo me zai gaya wa duniya. Ya ce duk abin da ya yi don ita ya yi, amma tsufa ya sa ba ta gani. Gwaggo tana kwance fuskarta a bango.

Kwana biyu bayan haka kafinta ya zo. Ta ji shi yana awo a bakin matakala, ta ji zarto, ta ji ƙarar injin huda bango. Kafin azahar ya kafa wata 'yar ƙofa ta katako mai tsayi zuwa ƙugu, an yi mata fenti kalar madafar don ta dace da gidan. Ya leƙo ya gaishe ta, ya tambayi matar Dakta ta wane gefe za a sa sakata. Ta ce ta waje.

A lungu kuwa labarin da ake yi daban ne. Duk wanda ya wuce ya ga allon tagullar sai ya tsaya ya karanta. Mata a bakin famfo suna cewa Dakta ɗan halak ne, ya gyara gidan kakansa bai canza masa kama ba, ya kuma ɗauki gwaggonsa ya sa ta a ɗakin da ya fi kowanne, har da banɗakinta, ga likita a gida. Wata ta ce ita rabonta da ganin tsohuwar tun kafin ta karye. Aka ce mata ai hutu ne, wanda ya samu wuri irin wannan me zai fito nema. Masu 'ya'ya maza suka yi ta roƙon Allah ya ba su irinsa.

Da yamma matar Dakta ta hawo da abinci, ta ajiye a kan tebur, ta tambayi Gwaggo ko tana son wani abu. Gwaggo ta ce a'a. Ta ji takunta har bakin matakala, ta ji an ja 'yar ƙofar, ta ji sakatar ta shiga.